Mai Sauraron Sarƙa

A farfajiyar kamfanin dakon kaya babu wanda direbobi suka fi zagi a bayan ido, kuma babu wanda suka fi nema idan aka ce inji za a ɗauka, kamar Baba Tukuna. Sunan ma su suka laƙaba masa. Direba zai gama shan shayinsa, ya duba mai, ya tayar da mota, har ya saka giya, sai ka ga wani gajeren dattijo mai furfura ya ɓullo daga ƙarƙashin tirela yana ɗaga hannu: "Tukuna." Ba ya ƙara komai a kai. Shekara talatin da ɗaya yana faɗin kalmar nan, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Aikinsa ɗaurin kaya ne. To, kada ka ji an ce ɗauri ka ɗauka buhunan siminti ne da igiya. Manyan injuna ake kawo masa, na ba da wuta a asibiti, na tura ruwa, na masana'anta, wani tan goma, wani ashirin, wani ya fi ɗakin kwanansa girma. In ka ga irin injin nan zaune a ƙasa sai ka rantse babu abin da zai motsa shi. Amma a ɗora shi bayan tirela, direba ya taka birki da ƙarfi sau ɗaya tak, ka ga yadda tan ashirin ke tafiya kamar sabulu a kan jiƙaƙƙen siminti. Kuma gaba yake nufa, inda direban ke zaune.

Tukuna ya gani da idonsa a shekararsa ta farko a wurin. Wani direba mai son raha, wanda kusan kullum yake saya masa shayi, ya fita da injin da aka ɗaure cikin gaggawa. Bai yi nisa ba wata ƙaramar mota ta shiga gabansa a gangare, ya taka birki, sarƙa ta tsinke. Tukuna na cikin waɗanda aka aika su kwaso kayan kamfani daga wurin bayan an ɗauke gawar. Shi ya tsinci zoben da ya karye, ya yi ta juya shi a hannu. Rabin wurin karayar fari ne, sabo, rabi kuwa ya yi tsatsa. Ke nan tsagar ta daɗe a cikin ƙarfen, ido ne kawai bai gan ta ba.

Daga ranar ya daina yarda da idonsa kaɗai. Ya samo wani tsohon ƙarfen jak na ɗaga mota, ya riƙa bin sarƙoƙin da ke sito yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai taɓin hankali, har kunnensa ya koyi bambanta su. Lafiyayyar sarƙa da ta ɗame tana amsawa da siririyar murya, kuma tana jan ta. Wadda ta saki sai ta ce kwaf ta yi shiru. Mai tsaga a ciki kuwa, ko ta ɗame, muryarta a dushe take fita kamar ta mai mura. Sau nawa ya sa aka sauke sarƙar da kowa ke cewa sabuwa ce, aka wanke ta da kananzir, aka ga tsaga siririya kamar gashi.

Ga yadda yake aikinsa, kuma ko gobara ake yi ba zai tsallake mataki ɗaya ba. Kafin inji ya bar ƙasa sai ya tabbatar an tsiyaye masa mai da ruwa, an toshe bakunan bututunsa da tsumma da leda. Sai ya jera katakai masu kauri a bayan tirela, busassu, domin ɗanyen katako lotsawa yake yi a hanya ya bar sarƙa tana lilo. Mai Ƙugiya, wato mai sarrafa injin ɗaga kaya, zai sauko da abin a hankali, Tukuna na ƙasa yana yi masa nuni da yatsa, ɗan hagu, ɗan baya, har nauyin ya zauna inda tayoyi za su raba shi. Ba a bi da sarƙa ta saman inji. Wanda ya yi haka a gabansa zai ji abin da ko a gidansu ba a taɓa gaya masa ba. A zobban ƙarfen da ke gindin injin ake saƙala ta, guda takwas a gicciye: huɗu suna hana shi zuwa gaba, huɗu suna hana shi zamewa baya. A ɗame kowace, a ɗaure hannun ƙarfen ɗamewar da waya kada ya buɗe. Sai a ƙarshe ya ɗauko ƙarfen jak.

"Baba zai fara kiɗa, a kawo masu rawa," in ji Mai Ƙugiya kullum, amma yana faɗa yana kashe injinsa. Farfajiyar gaba ɗaya takan yi tsit. Tukuna ya bi sarƙoƙin takwas, ya buga, ya karkata kai, ya jira. In ya gamsu sai ya dubi direba ya ce, "Tafi." Kalmar nan ɗaya ita ce dukiyarsa a duniya. Direbobin da suke zaginsa da safe, ba ɗayansu da zai yarda ya fita da inji bai ji ta ba.

Cikin direbobin akwai ƙaninsa, Auta. Ƙato ne, ya haura arba'in, yana da 'ya'ya uku da tumbi, amma a wurin Tukuna har yanzu shi ne yaron da mahaifinsu ya rasu ya bari yana aji biyu. Tukuna ne ya raine shi, shi ya kai shi koyon tuƙi, shi ya shige masa gaba wajen neman aure. Auta mutum ne mai ƙatuwar murya da son dariya, kuma shi kaɗai ne ke zagin Tukuna a gaban idonsa.

"Yaya, in ka mutu za mu sa sarƙa takwas a makararka, don kada ka zame."

"Kai dai ka fara rage tumbin nan, tayar gaba na kuka."

Kunnen Tukuna na dama ne ya fara lalacewa. Da farko wani siririn fito ne da ba ya tsayawa, sai kuma ya zama kamar an cusa masa auduga. Shekara talatin a tsakanin guduma da rurin injuna, ai dole jiki ya nuna. Tukuna bai gaya wa kowa ba, ya koma karkata kai ta hagu. Murya mai kauri irin ta Auta yana jin ta. Ƙananan sautuka ne suka riƙa guduwa ɗaya bayan ɗaya: kukan tsuntsu, ƙarar makullai a aljihu, muryar jikarsa a waya.

Matarsa, Malama, tana koyarwa a firamare. Macen da ta shekara ashirin tana gane yaron da bai yi aikin gida ba tun daga yadda ya shigo aji, ba mijinta ne zai ɓoye mata abu ba. Ta lura ya fara ƙure rediyo. Ta lura in tana magana bakinta yake kallo kamar sabon saurayi. Wata safiya yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi, ta tsaya a bayansa ta saki cokali a kan siminti. Kyanwa ta zabura ta fice, shi ko gezau.

Ta zagayo gabansa ta ce, "Maigida, yaushe za mu je a duba kunnen nan?"

"Wane kunne?"

"Naka mana. Nawa lafiyarsa lau."

"Mura ce."

"Murar da ta yi wata shida ba ta zo da majina ba, ai ta isa likita ya gan ta ko don ya ƙaru."

Ya miƙe yana gyara hula. "In na je yau, gobe magana ta kai teburin Manaja. Mai ɗaurin da ba ya ji, me sunansa a wurin? Shekara talatin da ɗaya, Malama. Ban iya komai ba sai wannan."

"Na sani," ta ce a hankali, tana duban idonsa don ya gani. "Amma ƙaninka ne ke zama a gaban abin da kake ɗaurewa."

Ya fita bai sha shayinsa ba, kuma kwana biyu yana yi mata ciccin magani.

Kada a yi saurin ganin baƙinsa. Mutumin nan bai zama mai sakaci ba, sai ma ya ninka wahalarsa. Ya koma bin kowane zobe da ido da yatsa, yana tattaka sarƙa da ƙafa, yana girgiza ta da hannu biyu, har direbobi suka ce tsufa ya ƙara masa jinkiri. Kunnen hagu kuma, in ya kusanto da kuncinsa sosai, yana ɗan tsinto muryar sarƙar daga nesa. Ya gaya wa kansa wannan ya isa. Daga baya shi ma na hagun ya daina kawo masa muryar sarƙar, ya rage sai dukan da yake ji a wuyan hannunsa. Hannu zai gaya maka sarƙa ta ɗame, amma ba zai gaya maka tana da tsaga a ciki ba, kuma ya fi kowa sanin haka. Duk da haka ya ci gaba da bugawa, yana karkata kai, yana jira daidai lokacin da ya saba jira, yana cewa "Tafi." Abin da ya fi ci masa rai ke nan, yadda ya ƙware wajen kwaikwayon kansa. Wata huɗu ya yi a haka, yana ramewa, yana jin tsoron kowace waya da ta shigo ofis.

Wata ranar Laraba aka kawo injin tura ruwa, tan goma sha takwas, za a kai shi wani gari bayan duwatsu. Kwana tara ke nan famfunan garin ba su ɗiga ba. Manaja, mutum mai kirki amma wanda waya ba ta barin kunnensa, yana ta zirga-zirga yana ba mutanen can haƙuri. Auta aka ba tafiyar. Hanyar kuwa kowa ya san ta: doguwar hawa mai lanƙwasa inda tirela ke tafiya kamar mai ciwon ƙafa, sannan doguwar gangara a ɗaya gefen.

Matsalar ita ce sarƙa. Motoci biyu da suka fita da sababbin ba su dawo ba, masu kyau shida suka rage. Dole aka jawo biyu daga tsofaffin da ke jibge a lungun sito. Tukuna ya zauna a ƙasa ya wanke su da kananzir, ya bi su zobe-zobe har idonsa ya yi ja. Bai ga komai ba. To amma ai wancan zoben na shekara talatin da suka wuce ma ba wanda ya ga komai a jikinsa.

Aka sauke inji a kan katakai, aka saƙala, aka ɗame. Mai Ƙugiya ya yi barkwancinsa ya kashe inji. Mutum kusan ashirin suka yi shiru domin Baba ya ji. Ya buga ta farko, ta biyu, har ya zo kan tsofaffin. Ya kusanto da kuncinsa har sanyin ƙarfen na taɓa shi, ya buga, ya sake bugawa. Babu komai. Ya ɗago, ga Manaja na dubansa da waya a hannu, ga Auta ya riga ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala.

"Tafi," ya ce.

"Shi ke nan," in ji Auta da muryarsa mai kauri. "Tunda Yaya ya faɗa, ni ko madubi ba sai na duba ba."

Aka rufa tamfol, mai gadi ya buɗe ƙofa, tirela ta fita tana nishi.

Tukuna ya je bakin famfo zai wanke hannu. Yana cuɗa sabulu ne abin ya faɗo masa. Ina ya saka tsofaffin sarƙoƙin nan biyu? Bai tsaya ya yi shawara da kansa ba lokacin da yake rabawa, hannunsa ne kawai ya yi. Huɗun da ke hana inji zuwa kan direba, duk masu kyau ya saka. Tsofaffin biyu ya kai su cikin masu hana shi zamewa baya. In sun tsinke, ba Auta za su kashe ba. A hawan nan za su tsinke, inda ƙananan motocin haya ke jeruwa a bayan tirela cike da mutane suna jiran wurin wucewa. Ashe a can cikin ransa bai yarda da su ba, ya dai zaɓi wanda zai mutu ne in abin ya faru. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tunda yake.

Ko kumfar hannunsa bai gama wankewa ba ya nufi mai gadi. "Ara mini babur ɗinka."

"Baba, rabon da ka hau babur fa..."

"Ara mini, na ce."

Ya san inda zai same shi, domin shi ya kafa dokar: duk wanda ya ɗauki inji sai ya tsaya a filin da ke bayan babbar gada, kamar kilomita talatin daga kamfani, ya sake ɗame sarƙa, saboda a farkon tafiya ne katako ke zama. Daga filin zuwa hawan ba nisa. Ya bi titi yana tangaɗi a kan babur ɗin da ya fi shi sanin hanya, iska na fizgar rigarsa, manyan motoci na wuce shi yana jin su a ƙirji. Hularsa ta tashi a wajen gidan mai, bai ko waiwaya ba.

Ya hango tirelar a filin, an ɗage gefen tamfol. Auta na tsaye yana goge hannu da tsumma. Da ya ga wanda ke saukowa daga babur, kai ba hula, tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Yaya? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Tsofaffin sarƙoƙin nan biyu na zo gani."

Auta ya dafe ƙirji ya fashe da dariya. "Wallahi sai ka sa mini hawan jini. Don wannan ka biyo ni a babur ɗin mai gadi? Yanzu na gama ɗame su. Tsaya ka ji." Ya ɗauko sifanar taya, ya buga ta farko, ya karkata kai yadda ya ga yayansa na yi tun yana saurayi. "Ka ji ta? Kamar sabuwa." Ya buga ta biyu. "Ita ma haka. Ƙarfen da ai ya fi na yanzu. Ka ji ko?"

To, ga hanya a buɗe. Sarƙoƙin lafiyarsu lau, kunnen Auta ya shaida, kuma Tukuna ne ya horar da kunnen. Abin da ya rage kawai ya gyaɗa kai, ya yi masa faɗan tumbi, ya hau babur ya koma, gobe a ba da labari ana dariya. Ba wanda zai taɓa sani. Ya buɗe baki da niyyar ya ce ya ji, amma ya gaji. Gajiyar wata huɗu ce ta sauko masa gaba ɗaya a bakin titin nan.

"Ban ji ba," ya ce.

Auta ya ɗauka ƙarar motoci ce. Ya jira wata motar haya ta wuce, ya sake bugawa da ƙarfi.

"Ban ji ba, Auta. Ba na jin su."

Dariyar ta daɗe kafin ta gama barin fuskar Auta. Ya dubi sifanar da ke hannunsa, ya dubi yayansa. "Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Kafin nan da kunne ɗaya nake yi."

Auta ya jingina da tayar tirela. Leɓɓansa na motsi, Tukuna ya gane ƙirga yake yi.

"Tafiya tara," in ji Auta. "Sau tara ka ce mini tafi, na fita da inji a bayan wuyana. Gangaren can ina waƙa nake saukowa, Yaya. Uwar yara in ta fara tsoro, ce mata nake yi ki kwanta, Yaya ne ya ɗaure."

"Na duba su da ido. Kowane zobe."

"Kai ka koya mini ido ba ya isa."

Tunda Tukuna ya fara, sai ya ga gara ya ƙarasa. Ya gaya masa inda ya saka tsofaffin biyu da dalilin da ya sa. Wataƙila a ransa ya zaci wannan zai ɗan sanyaya wa ƙanin nasa zuciya. Auta ya juya ya bi wata motar haya da kallo, ta cika maƙil, wata mata a kujerar baya ta ɗora jariri a kafaɗa.

"To su waɗannan fa," ya ce, "ba su da yayye?"

Idon Auta ya kawo ruwa, ya share da bayan hannu cikin fushi, kamar idon ne ya yi masa laifi.

"Da ka gaya mini, da na tsaya kusa da kai na riƙa ji maka. Kunnuwa biyu gare ni, duk lafiyayyu. Me na yi maka da ka ga ban isa ka gaya mini ba?" Ya ja numfashi. "Ba zan kai ka wurin Manaja ba, bakina ba zai iya ba. Amma kada ka ƙara ce mini tafi."

Ya zagaye tirelar ya buga sarƙoƙin takwas da kansa, ɗaya bayan ɗaya, Tukuna na tsaye a gefe kamar ɗan kallo. Ya sauke tamfol ya ɗaure, ya hau mota. Bai yi sallama ba.

Da Tukuna ya koma kamfani rana ta take. Ya tarar an ɗora wani ƙaramin injin wuta a wata tirela, an saƙala, an ɗame, ana jiransa. Direban ya miƙo masa ƙarfen jak yana mita. Mai Ƙugiya ya kashe inji, wuri ya yi tsit. Tukuna ya karɓi ƙarfen, ya juya ya miƙa wa Mai Ƙugiya.

"Zo ka saurara masa. Ni kunnena ya mutu. Wata huɗu ke nan ban ji muryar sarƙa ba."

Manaja ya sauke waya daga kunnensa, abin da ba a cika gani ba. "Baba, mu shiga ofis."

"A'a. A nan nake cewa tafi, a nan zan faɗi wannan. Duk wanda ya fita da inji a wata huɗun nan, ya fita ne da kalmar da ban da ikon faɗa. Ku yafe mini in za ku iya."

Wani direba ya yi tsaki ya tofar da yawu ya bar wurin. Wani ya fara magana da ƙarfi, aka janye shi. Yawancinsu ƙasa suka kalla. Mai Ƙugiya, sarkin surutu, ya tsaya riƙe da ƙarfen da hannu biyu bai san yadda zai yi da shi ba.

Ba a kori Tukuna ba, kuma ba a yi masa tafi ba. Manaja ya ce daga yau ba shi ne zai riƙa ba mota izinin fita ba, za a kawo na'urar auna sarƙa, kafin nan mutum biyu za su riƙa saurare. Shi kuma aka mai da shi rumfar katako a bayan sito, ya riƙa zaɓen busasshe yana yanka wa kowane inji nasa daidai gindinsa. Aikin ido ne da hannu, kuma ya iya. Malama da ta ji, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ruwan wanka ta kai masa, ta kuma zauna kusa da shi har ya ci abinci.

Abin da bai zata zai yi masa ciwo ba shi ne ladabi. Direbobi suka koma gaishe shi da girmamawa, a taƙaice, su wuce. Ba mai tsokanarsa, ba mai mita. Ya zauna cikin ƙurar katako yana kewar zagi.

Rana ta huɗu da la'asar tirelar Auta ta shigo ba kaya. Tukuna ya hango ta ta tsakanin katakai. Ya ga Auta ya sauko ya shiga ofis, ya fito, ya wanke fuska a famfo, ya gaisa da mai gadi, ya tsaya da Mai Ƙugiya sun daɗe suna magana. Ko sau ɗaya bai dubi rumfar ba. Tukuna ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan zarto, yana gaya wa kansa hakan ma daidai ne, shi ya jawo.

Ya yanke katako ɗaya, ya ɗauki na biyu, sai haske ya ragu a bakin rumfar. Auta ne ya cika ƙofar da jikinsa. Ya shigo, ya ɗauki gorar ruwan yayansa ya shanye fiye da rabi, ya zagayo ya zauna a kan tarin katako ta gefen hagu. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnen Tukuna.

"Mun sauke shi lafiya. Kafin na hau dutsen na ja layi da alli a gindinsa, da muka isa na duba. Ko faɗin farce bai gusa ba. Ruwa ya zo musu jiya da safe. Ɗaurinka ya yi, Yaya."

Muryar Auta mai kauri ce, kuma ga ta a bakin kunnensa. Tukuna ya ji kowace kalma sarai. Ya ajiye zarton a hankali.

"Me ka ce?" ya tambaya.

Auta ya ƙara matsowa, ya sake faɗa masa tun daga farko.